Aisami da Gwajin Bututun Gidan Alhaji Fadilu

A Gure, mai neman Aisami mai kwano ba ya buƙatar ɗan rakiya. In ya wuce tashar motocin Damagaram ya bi ta bayan masu kanwa, ƙarar guduma za ta kai shi rumfar. Can zai tarar da dogon mutum mai zanen Barebari a kumatu, ɗan shekara hamsin da tara, zaune bisa guntun katako da fallen kwano a gwiwa. Yana yin bokiti, yana yin mazurari da murhu da kwanon shayar da dabbobi. Amma in aka tambaye shi sana'arsa, ba ya ambaton ko ɗaya cikinsu. Cewa yake yi, "Ni mai bututun iska ne."

A karkarar Bune aka haife shi, gidan makiyaya. Yana da shekara goma sha takwas fari ya share garken ubansa, ko akuya bai rage ba. Ya hau kamiyo, babbar motar ɗaukar kanwa, zuwa Damagaram, ya zauna wurin wani maƙerin fari har hannunsa ya faɗa. Daga baya ya bi ayarin masu neman aiki zuwa Libiya, ya yi shekara tara a Sabha wurin masu gina manyan gidaje. A can ya koyi lanƙwasa kwano ya zama bututu mai kusurwa huɗu, a haɗa gaɓa da gaɓa, a ratsa da shi tsakanin rufin sama da rufin ciki, ya kai iskar sanyi ɗaki ɗaki da bazara, ya kai ta ɗumi da hunturu. Maigidansa na can, wani tsohon Bamisire, ba ya yarda a rufe rufin ciki sai an gwada kowace gaɓa. Yakan ce iskar da ta zube a cikin rufi, ɓeraye aka yi wa hidima.

Da yaƙi ya tashi Aisami ya dawo gida da akwatin kayan aiki. Babu mai son bututu a Gure, sai ya koma kan bokiti. An yi shekaru a haka, har faifan wutar rana ya yawaita, fatake suka fara sayo injin sanyi mai ruwa, irin wanda fanka ke jan iska ta cikin jiƙaƙƙen zare ta fito da sanyi. Inji ɗaya ake kafawa a bayan gida, bututu ya raba iskarsa. A shekara ba a wuce gida biyu ko uku masu son haka, kuma duk ta hannun mutum ɗaya suke biyowa: Yahya ɗan kwangila, saurayin magidanci da ya yi karatun gini a Yamai, mai yawan duba agogo.

Ga yadda Aisami ke gwaji. Zai toshe bakin bututun na kowane ɗaki da kwali da leda. Zai ajiye kaskon hayaƙi a inda injin ke shaƙar iska, ya kunna fankar a hankali. Hayaƙi ya cika bututun, ya rasa hanyar fita, sai ya nemi duk inda aka bar ƙofa komai ƙanƙantarta. Shi kuma ya hau tsani ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Da can tsumma mai danshi yake ƙonawa, ya haska tocila, ya ga farin zaren hayaƙi yana fita. Shekara biyu da suka wuce ya daina tsumma, ya koma turaren wuta. Ƴan shantiye, wato ma'aikatan gini, suka yi dariya suka ce Babarbare dai ba ya rabuwa da ƙamshi, masu gida kuma suka ɗauka albarka yake sa wa ginin.

Gaskiyar ita ce farar yana ce ta rufe masa ido, na hagu da farko, sannan na dama. Yana gane mutum, yana gane hanya, yana yankan kwano da sandar awo da ya yi wa tsaga-tsaga don yatsa. Zaren hayaƙi a duhun rufi kuwa ya daina ganinsa. Tafin hannunsa ya yi kanta, ba ya jin ƴar iska. Hanci ya rage masa. Yakan kai fuskarsa dab da gaɓa ya shaƙa, in ya ji turare a inda bai kamata ba, ya san nan ne.

Matarsa Yakura kaɗai ta sani, don ita ke haɗa masa turaren: kajiji da ƙaro, mai kauri, mai saurin shiga hanci. Dalilin ɓoyewar kuma ba boyayye ba ne ga wanda ya san Yahya. Tun da wani magini ya faɗo daga bango a wurin aikinsa ya karye a ƙugu, Yahya ya kafa doka: mai jiri, mai farfaɗiya, mai raunin ido, ba ya taka masa tsani. Ranar da ya sani, ranar aikin bututu ya ƙare wa Aisami.

Wata Laraba cikin bazara, da hantsi, Yakura ta miƙa masa ƙullin turaren a bakin ƙofa.

"Malam, jiya fa ka zuba sukari a kwanon gishiri."

"Kwanonin naki ne duk kama ɗaya."

"Ɗaya ja ne, ɗaya shuɗi."

Ya karɓi ƙullin ya sa a aljihu. "Gidan Alhaji Fadilu ne yau. In na gama shi sai mu yi magana."

"Haka ka ce a gidan da ya wuce," in ji ta, ta koma ciki.

Alhaji Fadilu falken shanu ne, ya gina gidan a hanyar Difa: salo na baƙi da ɗakuna uku. Shi yana kudu da dabbobi, ya bar saƙo cewa ranar Juma'a iyalinsa za su tare, an riga an gayyaci malamai. Aisami ya gama ɗaura bututun tun Litinin, gaɓa goma sha huɗu. Kafinta ya rufe rufin ciki duka, sai layi ɗaya na alluna da ya bari a buɗe a ƙarƙashin bututun, yana jiran gwaji. Kafintan shi ne Alhasan, Bafillace, tsaran Aisami kuma abokin wasansa.

Tun daga ƙofar gida Aisami ya tsaya. Alhasan na zaune a inuwar katanga, guduma a cinya.

"Ga bawana ya iso. Ka makara, Babarbare, danginka sun riga ka."

"Wane dangi?"

"Shiga ka gani. Ni dai na gudo, kada a mai da ni amarya."

Ya shiga. An rufe tagogi duka. A tsakiyar kowane ɗaki akwai kasko yana fitar da hayaƙi, ƙamshin sandal da hawi da farce ya cika gidan har yana kama maƙogwaro. A salo wata tsohuwa na zaune kan tabarma, tana juya garwashi da cokali. Ya Kaka ce, mahaifiyar Alhaji Fadilu, wadda rabin amaren Gure da turarenta aka kai su.

"Wushe, Ya Kaka. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Kai ne mai kwanon? Rufe ƙofar nan, kana fitar mini da hayaƙi."

"Tun yaushe aka kunna?"

"Tun da rana ta fito. Gida na warin siminti da fenti, ka ce jikokina su kwana a ciki? Kwana uku ake yi wa sabon gida kafin a tare, bango ya sha ya ƙoshi. Kai ba Babarbare ba ne? Uwarka ba ta gaya maka ba?"

"Ta gaya mini," in ji Aisami.

Yahya ya shigo yana tari, waya a hannu. "Baba Aisami, sannu da zuwa. Mu yi mu gama. Alhasan zai rufe yau, gobe mai fenti ya shafe allunan, jibi mu ba da makulli."

Aisami ya ajiye akwatin kayan aikinsa. Ya toshe bakunan huɗu da kwali, ya zagaya bayan gida ya zuba turaren Yakura a kasko, ya kunna fankar. Ya dawo ya jingina tsani a salo, ya hau, ya cusa kai da kafaɗu cikin rufin. Zafin kwanon sama ya dake shi a ƙeya. Ya kunna tocila kamar yadda ya saba yi don idon mutane, ya kai hanci gaɓar farko ya shaƙa. Sandal. Ta biyu, sandal. Hayaƙin Ya Kaka ya riga ya hau ta layin da aka bari a buɗe, ya taru a cikin rufin tun safe. Ya sauko, ya ja tsani, ya sake hawa. Haka ya bi gaɓa goma sha huɗu, ɗaki bayan ɗaki, bai ji komai ba sai turaren tsohuwa. Da ya sauko na ƙarshe rigarsa ta manne da bayansa.

Alhasan ya leƙo da ƙusoshi a baki. Ya cire su ya ce, "To, sarkin ƙamshi, in buga?"

"Yaya, Baba?" in ji Yahya. "Lafiya lau ko?"

Kalma biyu ce, kuma babu wanda zai kama shi. In akwai ɓaraka, sai dai ɗakin ƙarshe ya riƙa samun iska kaɗan, a zagi injin, a zagi wanda ya sayar da shi. Babu mai ɓalle rufin da aka yi wa fenti don ya duba gaɓa.

Aisami ya goge fuska da hula. "A bar shi zuwa gobe. A buɗe tagogi, gidan ya sha iska."

"A buɗe me?" Ya Kaka ta ɗago daga tabarma. "Ni da na rufe? Ko ka buɗe, ɗan nan, turarena ba ya barin ɗaki sai ya yi wata. Je ka tambaya a gari."

"Gobe ta mai fenti ce, Baba," in ji Yahya. "Kuma ban gane ba. Hayaƙi ake dubawa, ba ƙamshi ba. Ka hau, ka haska, ka duba. Ka ga yana fita ko ba ka gani ba? Ina ruwanka da turaren Hajiya?"

Aisami ya kashe tocilar da har yanzu ke kunne a hannunsa.

"Ba na ganin hayaƙin, Yahya."

"Duhu ya yi yawa? A kawo babbar fitila."

"Ko ka kawo rana. Farar yana ce a idona, duka biyun. Shekara biyu ke nan da hanci nake yi."

Alhasan ya mai da ƙusoshin aljihu. Yahya ya dubi tsanin, ya dubi Aisami.

"Gidan Malam Tahiru fa?"

"Da hanci."

"Na Hajiya Zuhura, mai bene?"

"Shi ma."

"A kan tsanina. A bene." Yahya ya sa wayar a aljihu. "Baba, da ka faɗo, me zan gaya wa Inna Yakura?"

"Ban faɗo ba. Kuma je ka gidajen, ka sa hannu a bakin bututu, ka dawo ka gaya mini."

"Ba shi na tambaya ba."

Ya Kaka ta dafa bango ta miƙe. Ba ta nuna ta damu da zancen ido ba. "Kai, mai kwano. Me ka ce kana ƙonawa?"

Ya ciro ragowar ƙullin ya miƙa mata. Ta kwance, ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci, ta yamutsa fuska.

"Kajiji da ƙaro. Wa ya haɗa wannan?"

"Mai ɗakina."

"Ƴar ina ce?"

"Ƴar Gamu."

"Shi ya sa. Ko sukari ba ta soya shi da shi ba. Wannan ai na korar sauro ne." Ta mayar masa. "To shi ne ka kasa rabe shi da nawa? Hancin namiji! Je ka ƙara garwashi, ka zuba shi duka."

Aisami ya juya wajen Yahya. Yahya ya ɗaga kafaɗa. Aka ƙara garwashi, aka zuba. Ya Kaka ta sa Alhasan ya kwashe kaskonta huɗu ya kai tsakar gida, tana binsa da faɗa kada ya zubar mata da toka. Sannan ta gyara mayafi ta fara tafiya a ƙarƙashin layin da ke buɗe, a hankali, kai a ɗage, ido a lumshe. Maza uku suna biye da ita.

Ta ratsa salo ba ta tsaya ba. Ɗakin farko ta yi jim, ta ce, "Nawa ne," ta wuce. Ɗaki na biyu ma haka. A ƙofar na uku, inda bututun ya karya kwana, ta tsaya cak.

"Nan akwai baƙo."

"Kin tabbata, Hajiya?" in ji Yahya.

"Shekara hamsin ina wannan aiki, yaro. In kishin turare ne, ko a kasuwa aka gifta ni da na wata sai na sani. Ga shi nan yana saukowa, kamar an ƙona tsohuwar tabarma."

Aisami ya jawo tsani ya ɗora ƙafa a matakin farko. Yahya ya riƙe tsanin da hannu ɗaya, ya miƙa ɗayan.

"Kawo tocilar, Baba."

Aisami ya ɗan tsaya a haka, ƙafa ɗaya a sama. Sannan ya sauke ta, ya ba shi.

Yahya ya hau, muryarsa ta fito daga cikin rufin kamar daga rijiya. "Ban ga komai ba. Ko'ina hayaƙi ne."

"Kada ka haska gaɓar kai tsaye. Kwantar da hasken a gefenta, ka duba ta ƙasa, wajen bango."

Yahya ya karkata tocilar. Sai kuma, "Na gani! Siriri, kamar zare. Biyu ne ma. Baba, akwai huda biyu a nan babu ƙusa a ciki."

Aisami ya gane. Ranar Litinin ya huda gurbi takwas a wannan kwanar don ƙusoshin da ke damƙe gaɓa, waɗanda ake kira ribe. Yatsansa ya ƙirga shida ya ɗauka takwas ne, ido kuma bai gyara masa ba.

"Aikina ne," in ji shi. "Ni na bar su."

Alhasan ya yi gyaran murya. "To ai gara da kai ne. Da ni ne, da yanzu an ce Fulani sun lalata gidan Alhaji."

Babu wanda ya yi dariya sai Ya Kaka.

Aisami ya buɗe akwatinsa, ya lalubo ribe biyu da ƙarfen dannawa da gwangwanin danƙon liƙi. Alhasan ya miƙa wa Yahya sama. Daga ƙasa Aisami ke ba da umarni, kansa a karkace, kunne wajen rufin.

"Tura ta har wuya. Yanzu matsa."

Ƙarfe ya yi ƙara.

"Ba ta zauna ba. Ƙara."

"Ta zauna, Baba, ina ganinta."

"Kana ganinta, ni ina jinta. In ta zauna ƙas take cewa, ba ƙis ba. Ƙara."

Yahya ya ƙara, ta ce ƙas. Ya sa ta biyun, ya shafe gaɓar da danƙo yadda aka gaya masa, da yatsa ba da tsinke ba, ya sauko da yanar gizo a gashi. Aka jira danƙon ya kama har bayan azahar. Turaren Yakura ya ƙare, sai da Alhasan ya hau babur ya je gidan Aisami ya karɓo wani. Ya dawo ya ce ta tambaye shi ko lafiya, ya ce mata lafiya, ita kuma ta dube shi ta ce to.

Aka sake kunnawa. Ya Kaka ta sake bin layin tun daga salo har ɗaki na uku, ta dawo, ta zauna a tabarmarta.

"Babu kowa sai ni. A mayar mini da kaskona."

Aisami ya cire kwalayen. Iska mai sanyi ta sauko a ɗakunan huɗu, na ƙarshe ma har tana kaɗa ledar da ta rage a bakin bututun. Ya tsaya a ƙarƙashinta ya ɗaga fuska na ɗan lokaci, sannan ya ce wa Alhasan, "Buga."

A ƙofar gida Yahya ya ɗaura masa akwatin a bayan babur da kansa.

"Baba, akwai gida a Gidigir bayan salla. Kai za ka yanka, kai za ka lanƙwasa, a rumfarka. Ɗaurawa da gwaji zan kira wani daga Damagaram."

"Wanda za ka kira, ya san gwaji?"

"Zan tsaya a kansa. Yau na koya."

"Ka ga gaɓa ɗaya, ka ce ka koya."

"Hau in kai ka gida, Baba."

Iyalin Alhaji Fadilu sun tare ranar Juma'a. Labarin idon ya riga su zagaya gari, don Ya Kaka ta ba da shi a wurin walima, ta fi ba da ƙarfi a kan turaren ƴar Gamu. Bututun Gidigir a rumfa Aisami ya yi shi, gaɓa goma sha ɗaya, kamiyo ya zo ya ɗauka. Bai ga gidan ba.

Da damina ta kankama ya je asibiti a Damagaram aka cire yanar idon dama. Ya dawo da baƙin tabarau, ya yi wata guda bai taɓa guduma ba. Ranar da ya koma rumfa Yahya ya biyo ta wurin, ya tsaya bai kashe babur ba.

"Baba, barka da arziki. An ce kana gani."

"Ina ganin furfura uku a gemunka. Akwai aiki?"

"Akwai wani gida bayan kaka. Na hagun fa?"

"Sun ce in koma in an yi girbi."

"To in an yi na hagun sai mu yi magana. Tsanina ido biyu yake so."

Aisami ya ce to. Yahya ya ja babur ya tafi, wata mata kuma ta ajiye bokitin da gindinsa ya fita, ta tambaya ko zai samu kafin la'asar.